Jan Fenti a Jikin Gawo

A Rawayau akwai Ummaru fiye da goma, amma in ka ce Ummaru Mai Kututture ba wanda zai tambaye ka wanne kake nufi. Za a nuna maka hanyar gabas wadda ta bi ta gefen kwari, a ce ka yi ta tafiya har ka ga inda itatuwan gawo suka yi layi, nan za ka same shi. Dattijo ne siriri mai gajeren farin gemu, ba ya rabuwa da wata tsohuwar wuƙa a aljihun gaba. Shekarunsa sun doshi saba'in. Ba shi da yawan magana sai an taɓo zancen itace, a nan kuwa gara ka nemi wurin zama, don ba za ka tashi da wuri ba.

Sunan nan da ba'a aka laƙaba masa shi. Bayan farin shekarar tamanin da huɗu, lokacin da rumbuna suka koma makwancin kaji, Ummaru ya tafi cin rani wajen Maraɗi kamar sauran tsararrakinsa. Wasu suka dawo da rediyo, wasu da keke. Shi kuwa abin da ya dawo da shi wata dabara ce da ya gani a gonar mutumin da ya yi wa ƙwadago. Mutumin ba ya tumɓuke kututture in ya zo sassabe. Sai ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, shekara na zagayowa ya ƙara gyara su, har tohon ya miƙe ya zama itace. Ummaru ya zo ya fara haka a gonar da ya gada, wadda iska ta riga ta kwashe mata albarka, ba abin da ya rage a cikinta sai rairayi da wani babban gawo guda ɗaya a kusurwar arewa.

Mutanen gari suka samu abin dariya. A wancan zamani manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas kamar tsakar gida, ga ta Ummaru kuwa duk kututture da ƙaya. Aka ce lalaci ne ya kawo daga Faransa, wato can wajen Maraɗi. Har wani mai son a san da shi ya je ya tsegunta wa iyayen Rabi'atu, yarinyar da Ummaru ke nema, cewa su yi tunani. Rabi'atu ta ce ita ta ga gonar da idonta, kuma mutumin da ke da haƙurin jiran kututture tana ganin zai iya haƙuri da ita. Aka ɗaura aure a kakar wannan shekara.

Shi gawo halinsa daban ne da na sauran itatuwa. Damina na sauka, kowa na yin kore, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, fari fat, ka rantse ya bushe. Ganyen da ya zubar ya zama taki, rana kuma ta samu hanyar isa ga geron da ke gindinsa. Sai ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, sannan zai yi ganye shar, ya ba makiyayi inuwa, ya zubo wa awaki 'ya'ya. Daga Kurfi har Dutsin-Ma ba wanda bai san wannan ba, shi ya sa ba wanda ya taɓa tunanin abu ne da sai an yi wa wani bayaninsa.

Shekara goma ba ta cika ba geron Ummaru ya fara shanye tsawon mutum. Masu dariyar nan suka riƙa ratsowa ta gonar, wai hanya ce ta biyo da su, suna leƙen yadda yake riƙe wuƙa. Bai taɓa tuna musu abin da suka ce ba, sai dai Rabi'atu ta tuna musu, don ita ba ta mantuwa. Maƙwabtansa uku suka ɗauki dabarar. A hankali layin gawo ya miƙe a bakin kwarin da ke cin gonaki kowace damina, saiwoyi suka riƙe ƙasa, kwarin ya tsaya inda yake. Da Ummaru ya ƙirga a 'yan shekarun nan, itatuwa tamanin da huɗu ne, har da babban na kusurwar arewa.

A gindin wannan babban ne Rabi'atu ke sauke ƙwaryar fura kowace hantsi ta damina, ta zauna a kan wata saiwa da ta fito waje tana ba shi labarin gari yana sha. Shekara talatin da 'yan kai ana haka. Ta rasu shekara shida da suka wuce, bayan jinya ta mako biyu. Shekara uku bayan rasuwarta rani ya zo, babban gawon bai yi ganye ba. Ummaru ya kankare ɓawonsa da wuƙa, ya ga abin da ya gani, ya mayar da wuƙar aljihu bai gaya wa kowa ba. Masu saran icce suka fara zagayawa suna kallonsa, ya ce musu duk wanda ya ɗora gatari a kansa za su haɗu a gaban dagaci.

Ana nan sai ga zancen kamfanin hasken rana. Aka tara mutane a ƙofar dagaci, aka ce wasu masu jari ne daga ƙasar waje za su shimfiɗa farantan sola a filin da ke tsakanin gari da hanyar Kurfi, a samar da lantarki ba tare da hayaƙi ba, don zafin duniya ya yi yawa. Wannan kam ba sai an gaya wa manomi ba, shi da ya ga damina ta koma ba ta da alƙawari. Aka ce filin zai taɓa gefen wasu gonaki, amma duk inda babban itace mai rai yake ba za a taɓa shi ba, shinge zai kewaye ya bar wa mai gona wurinsa. Ummaru ya yi murna ƙwarai. Ya ce ashe dai duniya ta fara gane abin da yake faɗa tun yana da baƙin gemu.

Cikin watan Agusta, tsakiyar damina, masu awo suka zo su uku a farar mota. Baƙi ne daga nesa, Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, kuma sauri suke yi don an ce musu kada la'asar ta same su a hanya. Ummaru na cikin noma ya hango ɗayansu yana shafa wa wani gawo jan fenti, alamar giciye babba. Zuciyarsa ta yi fari. Ya tuna zamanin mahaifinsa, lokacin da malamin daji kan zo ya shafa wa itace fenti, daga ranar kuwa ko reshensa ka karya sai ka yi bayani. Shi a saninsa, itacen da hukuma ta shafa wa fenti ya tsira ke nan.

Ya jefar da fartanya ya tafi da sauri. Ya kama hannun mai fentin ya kai shi gindin babban gawon tukuna, ya nuna masa da hannu cewa wannan a shafa masa da kyau. Daga nan ya shiga gaba suna biye, itace bayan itace, har waɗanda suka ɓuya a cikin gero ba su gani ba sai da ya tono musu su. Da fentinsu ya yi kauri, shi ya samo musu kananzir. Ya aika gida aka damo fura, suka sha suka yi ta godiya, shi ma yana ta godiya. Ranar ya koma gida yana jin kamar ya aurar da 'ya'ya tamanin da huɗu a yini ɗaya.

Ranar Asabar 'yarsa Mardiya ta zo daga Dutsin-Ma, inda take koyarwa a makarantar sakandare. Ita ce autarsa, kuma ita ta gado bakin uwarta. Ya ja ta zuwa gona don ta ga abin arziki. Ta tsaya tana kallon jan giciyen nan a jere, fuskarta ta canza.

“Baba, wa ya shafa wannan?”

“Mutanen kamfani mana. Ni na nuna masu da kaina, ko ɗaya ba mu bari ba.”

“Baba, irin wannan aka shafa wa shagunan bakin titi a Dutsin-Ma kafin a rushe su. Jan fentin yanzu ba na kariya ba ne.”

Ya yi dariya ya ce yaran zamani komai sai sun sa masa tsoro. Amma dariyar ba ta kai ciki ba, tuwon dare ma kaɗan ya taɓa.

Litinin da safe suka hau babur zuwa Dutsin-Ma, wurin wani ma'aikacin ofishin filaye mai suna Kefas, maƙwabcin Mardiya ne a gidan haya. Mutumin Kudancin Kaduna ne, ya shekara ashirin a garin har Hausarsa ta fara komawa ta Katsinawa. Ya ba Ummaru kujerarsa, ya ɗauko wata babbar taswira ya shimfiɗa. Ya bi bakin kwarin da yatsa, ya karanta abin da aka rubuta, ya ɗago kai.

“Baba Malam, an rubuta matattun itatuwa tamanin da huɗu. Wurin da ba itace mai rai kuwa yana cikin filin da za a share. Katafila za ta shigo da an gama girbin gero.”

“Matattu kuma? Gawo ne hwa. Damina ce, barci shikai.”

“Na sani, Baba. Su ne ba su sani ba.”

Ummaru ya ce to ai abin mai sauƙi ne, hukuma ta aika a gaya musu an yi kuskure, a hana su. Kefas ya sosa ƙeya. Ya ce da a hannunsu abin yake da an gama tun jiya. Ya yi masa bayani dalla-dalla cewa masu jarin ba su kawo dukiyarsu ba sai da aka sa hannu a wata yarjejeniya mai kare su. Taswirar nan tana cikin takardun da aka sa wa hannu. In gwamnati ta dawo daga baya ta ce kada a taɓa wuri kaza, ko ta jinkirta musu aiki, suna da damar kai ƙara wata kotun sasanci a ƙasar waje, su nemi diyya har ta ribar da ba su kai ga samu ba. Saboda haka ba ma'aikacin da zai yarda a ce shi ya jawo wannan.

“Wato takardar tana kare dukiyarsu daga gare mu,” in ji Ummaru. “To mi ke kare iccena daga gare su?”

Ummaru ya dubi taswirar, ya ga ɗigo-ɗigon ja a jere, kowane ɗaya ya san shi, ya san shekarar da ya bar tohonsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne da ƙafarsa ya kai su. Da ya yi zamansa a cikin gero, da rabin itatuwan ma ba su gan su ba.

Mardiya ce ta ce a ba ta takardar ta karanta. Kefas ya ce ba asiri ba ce, kowa na da damar gani, sai dai tun da aka ajiye ta ba wanda ya taɓa tambaya. Ya yi mata kwafe da kuɗin aljihunsa. Kwana huɗu tana fama da ita bayan an tashi daga makaranta, Turanci ne irin na lauyoyi, jimla ɗaya sai ta cika rabin shafi. A rana ta biyar ta zo Rawayau ko mayafi ba ta gyara ba. Ta ce takardar da ta ɗaure gwamnati ta ɗaure kamfanin ma. Masu jarin sun tara dukiyar ne da sunan kare yanayi, don haka akwai sharaɗin da ya ce in kamfanin ya sare babban itace mai rai, shi ne ya saɓa alƙawari. Ba sai hukuma ta hana su ba, abin da ake bukata kawai shi ne su da kansu su yarda itatuwan na da rai.

Kefas ya haɗa su da ma'aikaciyar kamfanin mai kula da muhalli, wata mata 'yar Jos mai suna Salomi. Ta zo gonar cikin watan Satumba da takalmin roba da littafi a hannu. Ta ɗaga kai ta dubi rassan nan farare ƙayau, ba ganye ko ɗaya, ta dubi dattijon cikin tausayi irin na wanda ya zo yin ta'aziyya.

“Baba, ka yi haƙuri, amma ni ma abin da nake gani busassun itatuwa ne.”

“Zo nan, ɗiyata.”

Ya zaro wuƙarsa ya kankare ɓawon wani gawo kaɗan. Ƙarƙashin ya fito kore, da danshi. Ya kama yatsanta ya ɗora a wurin. Daga nan ya ce ta dubi geron da ke gindin itacen, ta kuma dubi na can fili. Na gindin ya fi ta tsawo da kamu biyu, zangarniyarsa kamar damtsen mutum, na filin kuwa da ƙyar ya kai mata kafaɗa. Suka bi layin yana kankarewa tana taɓawa, har ta daina rubutu. Babban na kusurwar arewa ne kaɗai bai kai ta ba, ya ce rana ta yi, ta zo ta sha ruwa.

Salomi ta ce ita kam ta yarda, amma shugabanninta suna wata ƙasa, kuma ba sa aiki da yatsa, sai hoton da ake ɗaukowa daga sama. Hoton Agusta ya nuna busassun rassa. In ana so su canza taswira, sai wani hoton ya nuna ganye.

“Yaushe yake yin ganye, Baba?”

“Da ruwa ya ɗauke. Ba ya wuce sati biyu ko ukku.”

“Ka tabbata? Don zan rubuta da sunana in ce a tsayar da katafila. In ban yi daidai ba, aikina ne zai tafi.”

“Shekara arba'in ina tare da su, ɗiyata. Ba su taɓa saɓa mani ba.”

Ta rubuta. Aka yi ta kai da kawowa, daga ƙarshe aka ba ta zuwa goma ga Nuwamba, ko kwana ɗaya ba za a ƙara ba. Aka kawo katafila aka ajiye a bakin hanya. Direbanta, wani mai suna Jibo, mutumin Kuki, kullum sai ya zo ya tayar da ita ta yi ɗumi ya kashe, ya shigo gona su gaisa da Ummaru. Ya ce shi ma akwai gawo a gonar ubansa, Allah ya sa kada a sa shi wannan aiki.

Sai damina ta ƙi tafiya. A shekarun da, farkon Oktoba an yi sallama da ruwa, amma wannan shekara aka shiga tsakiyar wata ana tafka shi. Gero ya shiga rumbu, gawo na tsaye tsirara yana jiran rani. Ummaru ya rame. Kullum da sassafe yana gona, kai a sama, har wuyansa ya riƙe. Mardiya ta ce masa ko za a sa malamai su yi addu'a ruwan ya ɗauke. Ya girgiza kai.

“Dawar mutane ba ta nuna ba, waken Usaini maƙwabcina yanzu shike hure. Tun ina saurayi nike roƙon ruwa, ba ni iya buɗe baki in ce a ɗauke shi don iccena. Allah Ya san inda muke.”

Ruwan ƙarshe ya sauka ranar ashirin ga Oktoba. Kwana tara bayan nan, Ummaru ya ga wani abu kamar hayaƙi kore a kan reshen wani ƙaramin gawo na bakin kwari. Ya matsa, ya murza ido, ya sake dubawa. Ya zauna a ƙasa inda yake, ya yi ta hamdala, hawaye na bin gemunsa, bai damu da ko wani na kallo ba. Kafin mako ya zagayo layin nan duka ya yi shar, a daidai lokacin da ciyawar fili ta fara yin ja.

Ranar takwas ga Nuwamba Salomi ta dawo da wani mai na'urar ɗaukar hoto daga sama. Kefas ya zo, Mardiya ta nemi izini a makaranta, dagaci ya turo wakili, maƙwabta suka fito. Na'urar ta tashi tana ƙugi kamar zuma, ta zagaya ta sauko. Duk da haka Salomi ta ce sai ta bi da ƙafa. Duk itacen da suka zo, ta duba ganye, ta rubuta, Jibo kuma ya shafe jan giciyen da farin fenti, don shi ya roƙa a ba shi wannan aiki. Suka yi tamanin da uku. Suka iso kusurwar arewa.

Babban gawon na tsaye, ya fi kowanne tsawo, ba ganye ko ɗaya. Nan ne kuma daidai inda taswira ta nuna hanyar motocin kamfani za ta shiga. In yana da rai, dole hanyar ta kauce. Salomi ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

“Baba, wannan tsoho ne, wataƙila makara ya yi. Duk abin da ka gaya mini ya tabbata. In ka ce zai yi ganye, zan rubuta mai rai, ba wanda zai musa.”

Mardiya ta san saiwar da uwarta ke zama a kai, ga ta nan ta yi sumul don zama. Ta dubi mahaifinta, ta sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ce ake jira, kuma ba wanda zai zarge shi a cikin waɗanda ke tsaye. Ummaru ya ɗora tafin hannunsa a jikin itacen, ya daɗe a haka. Yana son itacen nan fiye da sauran duka in an haɗa, wannan kuwa bai taɓa ɓoye wa kansa ba.

“A'a, ɗiyata. Wanga ya mutu, rani ukku ke nan. Ni na ƙi bari a sare shi.”

“Baba...” in ji Salomi.

“Kin sa aikinki a kan maganata, ba ni saka maki da ƙarya. Kuma in wata rana wani ya zo ya kankare shi ya ga busasshe ne, sai ya ce sauran ma ƙarya aka rubuta. Rubuta gaskiya.”

Salomi ta rubuta, ta juya baya tana gyara gilashinta. Da ta juyo ta tambaye shi ko akwai abin da yake so. Ya ce abu biyu. Kada a sa katafila, shi da Usaini za su sare shi da gatari. Kuma a bar masa kututturen, iya gwiwa, da saiwar nan ta gefe. Jibo ya auna da ƙafa ya ce in hanyar ta matsa taku uku kawai za ta wuce, kuma shi ne mai share hanyar.

Yau in ka bi ta wurin za ka ga farantan sola sun shimfiɗu suna ƙyalli har bakin hanyar Kurfi, shingen waya ya zo daidai layin gawo ya lanƙwasa ya ba shi wuri. An jawo wuta zuwa famfon gari da ɗakin shan magani. An ce kamfanin ya sa a cikin ƙa'idarsa cewa ba a ƙara ƙirga itace a ƙasar nan sai da rani, kuma sai da manomin wurin a tsaye. Mardiya na tsokanar mahaifinta cewa ya shiga takardar Turawa, shi kuwa ya ce ba ruwansa, tun da dai ba su sa hotonsa ba.

In aka zauna da shi ba ya gajiya da lissafa waɗanda Allah Ya turo masa: Kefas da ya buɗe takarda, Mardiya da ta karanta, Salomi da ta yarda ta taɓa ɓawon itace da yatsanta, Jibo da farin fentinsa. Duk kaka sai ya aika wa Kefas da Salomi damin gero daga gindin gawo, ko da yake an gaya masa Salomi ba ta iya surfe ba. Har masu awon nan uku yana sa musu albarka, ya ce ba mugunta suka yi ba, ba su sani ba ne, shi ma ai bai sani ba.

Kututturen na nan a kusurwar arewa, motoci na wucewa ta gefensa. Duk sauran itatuwansa daga kututture suka tashi, don haka mutane kan tambaye shi ko wannan ma zai yi toho. Yakan ce a'a, ya san ba zai yi ba. Amma kowace hantsi nan yake zuwa da furarsa, ya zauna a kan kututturen, ya bar saiwar gefen ba kowa a kanta.